Tuƙin Babbar Mota: Ta Ina Sabon Shiga Zai Fara?

Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan duk a kan abu guda suke: matasa masu son shiga harkar tirela da tanka, da iyayen da hankalinsu bai kwanta ba. Mun zaɓi bakwai mun taƙaita su, tsofaffin direbobi da makanikan manyan motoci da ke taya mu wannan fili suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 22, na gama sakandare, ban taɓa tuƙa ko ƙaramar mota ba. A garinmu yawancin masu rufin asiri da tirela suka same shi. Makarantar tuƙi zan shiga ko mota zan bi?
Wani matashi daga Potiskum

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗanmu. Duka biyun za ka yi. Makaranta ce ke kai ka ga lasisi, bin mota ne ke koya maka aikin. Mai takarda kaɗai ba wanda zai damƙa masa motar miliyoyi, wanda kuma ya iya tuƙi ba takarda ba kamfanin da zai ɗauke shi, sannan ranar da tsautsayi ya faɗa, shi da mai motar duka sun shiga uku.

Shekarunka ma sun riga sun tsara maka hanya. A Najeriya ana ba da lasisin tuƙa motar gida daga shekara 18, amma na haya, wanda tirela ke ciki, sai mutum ya kai 26. Ke nan kana da shekara huɗu a gabanka, kuma kusan abin da koyon aikin ke ci ke nan in ana so a koya da kyau. Kada ka saurari mai cewa a ƙara maka shekaru a takarda. Lasisi yanzu a haɗe yake da lambar NIN, ƙaryar za ta bi ka har tsufa.

Ka fara da ƙaramar mota mai giyar hannu, a makarantar tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta amince da ita. Ka tambaya kafin ka biya, don makarantar da ba ta cikin rajistar hukumar ba za ta iya fitar maka da shaidar da ake nema ba. Daga nan jami'in duba motoci, wato VIO, ya gwada ka, ka biya kuɗi ta banki, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka a cibiyar lasisi, a ba ka na wucin gadi mai kwana 60 kafin katin ya fito. Duk lasisin da aka kawo maka har gida ba tare da ka je an ɗauki hotonka da yatsunka ba, jabu ne, ko da kuwa ya fi na gaske sheƙi. Manyan kamfanoni kan duba lambar a kwamfuta, nan take asiri ke tonuwa.

Rukunin B na ƙaramar mota ne. D na manyan motoci ne marasa jan bodi, irin su tifa. G shi ne na tirela mai kai da bodi, shi kake hari. Kafin a ba ka na haya sai ka kawo takardar likita, kuma muna ba ka shawara ka je a duba idonka tun yanzu. Akwai samari da dama da ba sa gani sosai da daddare, ba su kuma sani ba sai bayan sun ɓata shekaru a bin mota.

Da lasisin B a aljihunka sai ka nemi mota ka bi. In ka samu dama daga baya, Cibiyar Fasahar Sufuri ta NITT da ke Zariya tana horar da direbobi, manyan kamfanonin siminti ma kan ɗauki sababbi su horar da su da kansu. Irin waɗannan wuraren karatunka na sakandare zai yi maka rana, don akwai jarrabawar alamomin hanya da cike takardu.

Tambaya: Ni uwa ce. Ɗana na fari ya nace sai ya bi mota zuwa Legas. Mahaifinsa ya rasu, komai a kaina yake. Tsorona ƙwaya da abokan banza. Yaya zan gane direban kirki?
Wata uwa daga Funtuwa

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigidan, ya raya abin da ya bari. Tsoronki yana kan hanya, amma sana'ar halal ce, ta kuma riƙe gidaje masu yawa. Abin da ke raba yaron da ya zama mutum da wanda ya lalace, galibi ubangidan da ya fara bi ne.

Kada yaro ya je tasha ya nemo wa kansa direba. Ki sa baffansa ko kawunsa ya je wurin mai motar, ko ofishin ƙungiyar direbobi ta NURTW reshen manyan motoci, a zauna da mai mota da direba da wakilin gida. A yi magana a fili: wa ke ciyar da shi a hanya, nawa ake ba shi in an dawo, wa zai biya asibiti in ya ji ciwo, yaushe za a fara koya masa tuƙi. Yawancin yaran mota ba su da albashi, sai kuɗin abinci da ɗan ihsani bayan kowace tafiya, don haka kada ki sa rai zai riƙe gida a shekarar farko.

Tambaya guda da kawun zai yi wa direban: yara nawa ka yaye, suna ina yanzu? Direban da ya shekara ashirin a kan hanya bai yaye ko ɗaya ba, bawa yake nema. Sannan ya zagaya motar. Tayoyi sun suɗe har waya ta fito? Fitilun baya suna kamawa? Wanda bai tausaya wa motar da ke ciyar da shi ba, da wuya ya tausaya wa ɗan wani.

Maganar ƙwaya kuwa lissafi ne. Daga Kano zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, dokar gudu ta tirela kuma kilomita 50 ce a awa a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya, 45 a cikin gari. Tuƙin kaɗai zai kai kusan awa 20, ban da cunkoso da shingaye da ramuka. Direban da ke alfaharin yana yin ta a miƙe ba barci, ko gudu yake yi ko tiramadol ke riƙe da shi, kuma abin da yake sha shi zai miƙa wa yaro. In ɗanki ya fara dawowa da rama, da jan ido, da faɗa ba dalili, da barcin kwana biyu a jere, kada ki jira tafiya ta gaba.

Ki kuma ja masa kunne a kan abu biyu. Kada ya hau saman kaya mota na tafiya. Kada ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bodi don inuwa ba tare da direba ya sani ba. Wuraren da tireloli ke yada zango irin su Tafa, Mararrabar Jos da Ogere, da asuba kowa tashi yake cikin gaggawa, ba kowa ke leƙa ƙasa ba.

Tambaya: Wata takwas ke nan ina bin tirela ƙirar DAF. Aikina wanke mota, ɗaure tamfol, sa waigin tokare taya, sayo abinci. Oga bai taɓa ba ni sitiyari ba. Cutata yake yi?
Yaron mota daga Gusau

Amsa: Ƙanenmu, wata takwas ba cuta ba ce tukuna. In an kai shekara ɗaya da rabi ba ka taɓa matsar da motar ko a cikin gireji ba, to sai a yi zama. Amma bari mu gwada ka: in oga ya kwana da zazzaɓi ya ce ka shirya mota, ka san abin da za ka duba?

Kafin a tayar da inji, a zaro sandar baƙin mai a goge, a mayar, a sake zarowa, man ya kasance tsakanin alamomin biyu. In ya koma fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, kada a tayar. A duba ruwan lagireto inji na sanyi. Wanda ya buɗe murfin lagireto da zafi, fuskarsa ce za ta biya. A danna fambel a ji ƙarfinsa, a tsiyaye ruwan da ya taru a gindin filtar gas, don gas ɗin bakin hanya ba ya rasa ruwa, shi ne kuma ke kashe nozul. A leƙa ƙasa a ga ko wani abu ya ɗiga da daddare.

Sai tayoyi, ɗaya bayan ɗaya, har na ciki. Bugun taya da ƙarfe yana nuna wadda ta sace gaba ɗaya, amma ba ya nuna wadda ta ragu, wannan sai ma'auni. Yawancin tayoyin tirela suna son iska wajen bar 8 a ma'aunin ƙarfin iska, ainihin adadin yana rubuce a jikinsu. In ɗaya cikin tagwaye ta yi laushi, 'yar'uwarta ce ke ɗaukar nauyin duka, ta yi zafi ta fashe. Ka cire dutsen da ya maƙale tsakaninsu. Ka kalli notocin wili: in ka ga layin tsatsa yana gangarowa daga noti, ya fara kwancewa. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu ta ranar ƙira, misali 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022, FRSC kuma shekara huɗu take lissafa wa taya daga wannan rana.

Iska ita ce ran motar, don da ita birki ke aiki. Kowace safiya a ja zoben da ke ƙarƙashin tankunan iska, ruwa ya fita. In baƙin mai ne ke fitowa tare da ruwan, kwamfaresar da ke cika tankunan ta fara gajiya. A tayar da inji, a bar iska ta cika har allurar agogon iska ta tsaya, a yawancin motocin Turai da na Sin tsakanin bar 8 da 10 ne ko ɗan sama. A kashe inji, a sa waigi, a saki birkin hannu, a taka birki a riƙe minti ɗaya ana kallon allura. Bayan faɗuwar farko, in ta ci gaba da sauka fiye da kusan bar 0.3 a cikin mintin, akwai yoyo. Ka bi da kunne, ko ka shafa ruwan sabulu a mahaɗan tiyo, kumfa za ta nuna maka wurin.

Haɗa kai da bodi ma aikinka ne. Waigi a tayoyin bodi, a daidaita tsayin ƙafafunsa yadda farantin da ke bayan kai zai ɗan ɗaga shi in ya shiga. In bodi ya yi sama da yawa, ƙusar da ke ƙarƙashin gaban bodi za ta haye saman farantin ba ta shiga makulli ba, a ji kamar ta kama, sai an hau titi bodi ya zame. Shi ya sa bayan an ji ƙarar kullewa ake sa giya ta ɗaya a ɗan ja gaba sau biyu, sannan a sauka da tocila a kalli makullin da ido. Sai tiyon iska biyu, ja da rawaya, da wayar fitilu, a naɗe ƙafafu har ƙarshe. In za a ajiye bodi mai kaya a ƙasa mai laushi, a sa katako mai kauri a ƙarƙashin ƙafafun, in ba haka ba da safe a tarar sun nutse.

In duk wannan ya zauna a hannunka, ka samu oga a lokacin da ya huta, cikin ladabi, ka roƙe shi ya fara ba ka a gireji. Tsarin da muka yarda da shi: matsar da kai shi kaɗai, sai ribas da bodi, sai mota ba kaya a hanya marar cunkoso da rana, sai da kaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, sai dare, gangara ce ta ƙarshe. A ribas, bodi yana bin kishiyar inda ka murza sitiyari, kuma kaɗan ake murzawa. In ya fara lanƙwashewa da yawa, ka ja gaba ka miƙe ka sake, ba abin kunya ba ne. A kwana kuma tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yanko ciki, don haka ake buɗewa kafin a karya, ido na kan madubi saboda 'yan acaɓa da masu Keke da ke kutsowa ta gefen dama.

Tambaya: Kullum muna jin an ce birkin tirela ya tsinke a gangara. Ni da nake shirin fara koyo abin yana ba ni tsoro. Haka kawai yake tsinkewa?
Wani mai karatu daga Akwanga

Amsa: Malam, kai da ke kusa da Hawan Kibo, gangarar nan ta hanyar Jos, ka san abin da kake tambaya. Da wuya birki ya mutu haka kawai. Yawanci tun daga saman tudu aka kashe shi.

Birkin tirela fata ce ke matse diram. Duk nauyin da ake riƙewa zafi yake komawa. Mota mai tan 40 in ta doshi gangara mai tsawo, direba ya ɗora ƙafa a birki bai ɗaga ba, diram zai yi zafi ya buɗe, fatar ta yi santsi, sai ka taka har ƙasa motar ba ta ji ba. Alamar farko wari ne irin na ƙonewa, sai hayaƙi daga wili. Wani kuma in ya tsorata sai ya dinga takawa yana saki da sauri, kowane taku yana zubar da iska fiye da yadda kwamfaresa ke mayarwa, har allura ta faɗi, ƙararrawa ta fara kuka.

Babban mai laifi shi ne sakin mota a firi don a rage shan gas a sayar da ragowar. In giya ba ta ciki, inji ba ya riƙe komai, kwamfaresa tana juyawa a hankali, kuma da gudu ya ƙaru giyar ba za ta sake shiga ba. Litar da aka tsira da ita ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba, balle rai. Duk ogan da ya koya maka wannan, ka san ya koya maka hanyar kabari.

Yadda ake yi: tun kafin gangara ta fara, ka rage gudu ka sa giyar da za ka hau wannan tudun da ita, ko ƙasa da ita da ɗaya. Ka kunna birkin inji, wanda ke toshe hayaƙi a hanyar salansa. Yana aiki sosai ne in inji na juyawa da ƙarfi, wajen 2,000 a agogon juyi, amma kada allura ta shiga ja. In gudu ya haura abin da ka tsara, ka taka birki da ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi har ya ragu da kamar kilomita 10, ka saki gaba ɗaya ya sha iska, in ya sake hawa ka maimaita. Kada ka canja giya a tsakiyar gangara. In ka ji wari, ka nemi fili ka tsaya tun birkin na ji, ka sa waigi, ka bar shi ya huce da kansa. Watsa ruwa a diram mai zafi yana tsaga shi.

Akwai kuma laifin gireji. Wata motar a kan takarda tana da birki a gatari shida, a zahiri uku ne ke aiki, don an toshe tiyon wanda ke yoyo da waya an ce sai an dawo. Sauran sai su ɗauki aikin da ya fi ƙarfinsu. Haka in birkin bodi bai kama daidai da na kai ba, bodi ya turo kai, motar ta naɗe, musamman a kan jiƙaƙƙen titi. Sannan lodin da ya wuce kima: birkin da aka ƙera don buhu 600 ba zai riƙe 900 a gangara ba don kawai direba gwani ne.

Ko a shimfiɗaɗɗen titi ka riƙe wannan lissafi. A gudun kilomita 60, motar tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Birkin iska kan ɗauki kusan rabin daƙiƙa kafin ya kama, wato mita 8 sun tafi kafin komai ya fara. In gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake yi. Ka bar tazarar daƙiƙa shida ko bakwai tsakaninka da na gaba. Ƙananan motoci za su dinga shiga tazarar, ka ƙyale su, ka sake buɗe wata.

Tambaya: An ce tanka ta fi kuɗi. In fara da ita kai tsaye?
Wani matashi daga Suleja

Amsa: A'a, ɗanmu. Ka fara da busasshen kaya, siminti ko hatsi ko taki, kayan da in ka ɗaure su suna nan inda ka ajiye su. Shi kuwa man da ke cikin tanka motsi yake yi. Ka tuna yadda rabin bokitin ruwa ke tangaɗi a ka: in ka taka birki man ya bugi gaba ya tura motar, in ka karya kwana ya taru gefe guda ya ɗaga tayoyin ɗaya gefen. Tankar da ba ta cika ba ta fi cikakkiya wuyar riƙewa. Nauyin ma ba kaɗan ba ne: lita 33,000 ta fetur ta kai kusan tan 24, ta gas kuma wajen tan 28, duk a sama suke, shi ya sa tanka ke kifewa a kwanar da tirelar siminti za ta wuce lafiya. Motar shanu ma haka take, kaya ne masu rai da ke matsawa, ba ta sabon hannu ba ce.

Harkar tanka tana da ƙungiyarta, PTD ta direbobin tanka a ƙarƙashin NUPENG, ƙungiyar ma'aikatan mai, kuma a depo ana duba mota kafin a yi mata lodi. Akwai ilimin da za ka koya daban: maƙala wayar da ke sauke lantarki ƙasa kafin lodi da sauke mai, duba murafan sama da bawul, amfani da tukunyar kashe gobara. Bayan abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda mutum fiye da 150 suka rasu wajen kwasar fetur daga tankar da ta faɗi, da na mahaɗar Dikko kusa da ku a Janairun 2025, gwamnati ta hana lodin tanka mai lita 60,000 daga ranar 1 ga Maris, 2025. In tanka ta faɗi, aikin direba da yaronsa na farko shi ne kashe inji, nisanta mutane, da kiran hukuma.

Tambaya: Na ga talla a Facebook ana neman direbobin tirela a Amurka, ba a buƙatar ƙwarewa, za a koya wa mutum kyauta. An ce in tura kuɗin fom da biza.
Wani mai karatu daga Katsina

Amsa: Kada ka tura ko naira ɗaya, Malam. Gaskiya ne a Amurka akwai kamfanonin da ke koya wa sabon shiga tuƙi har ya samu lasisin tuƙa manyan motoci da suke kira CDL, a madadin ya yi musu aiki na wani lokaci, galibi kusan shekara guda, in ya gudu kafin nan ya biya kuɗin horon. Amma wannan na wanda ke zaune a ƙasar ne da izinin aiki. Sai ya kai shekara 21 kafin ya tsallaka daga jiha zuwa jiha da kaya, kuma tun Fabrairun 2022 dole horon ya kasance a makarantar da ke cikin rajistar gwamnatinsu. Lasisin Najeriya ba ya zama CDL. Mai neman kuɗin biza ta asusun wani mutum, ɗan damfara ne.

Abin da za ka iya ɗauka daga can kyauta shi ne dokar hutu. A Amurka direba ba ya wuce awa 11 yana tuƙi sai ya huta awa 10. A Tarayyar Turai awa 9 ne a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Ba don sun fi mu rauni ba ne. Goro da shayi mai kauri suna jinkirta barci ne kawai, kuma gyangyaɗin daƙiƙa uku a gudun 60 mita 50 ne ba kowa a sitiyari.

Tambaya: Alhamdu lillahi an yaye ni, mako mai zuwa zan ɗauki lodina na farko ni kaɗai. Me zan kiyaye?
Sabon direba daga Zariya

Amsa: Barka, abokin aiki, Allah ya tsare hanya. Tuƙi ka riga ka iya. Abin da ke kayar da sabon direba a watannin farko yawanci kaya ne da takarda.

Ka tsaya a wurin lodi da kanka, ka ƙirga. Buhun siminti kilo 50 ne, 600 tan 30 ke nan. Abin da ka sa wa hannu a takardar lodi shi za a nema a hannunka, duk buhun da ya ɓace ko ya jiƙe daga kuɗinka za a cire. Buhun da ya fashe tun a wurin lodi a rubuta shi nan take. A baje kaya daidai: in sun taru a gaba, gatarin kai ya sha wuya, in sun taru a baya, tayoyin da ke ja su rasa riƙo a hawa. In kwantena ce, makullan kusurwa huɗu duka a murɗa su, kada ka yarda da biyu. Ka duba hatimin ƙofa ka ɗauki hoton lambarsa. Tamfol kuma na gaba ne ke hawa kan na baya a mahaɗa, don kada iska da ruwan sama su shiga ta bakin.

Bayan kilomita 50 na farko ka tsaya ka sake jan igiyoyi, don kaya sun zauna sun saki. Ka taɓa kusa da kowane wili da bayan hannu, wanda ya fi sauran zafi ko birki ne ke kamawa ko boris ɗin wilin ne ya lalace. Tayar da aka canja kwanan nan a sake ɗaure notocinta. Kuma in ka yi doguwar tafiya kada ka kashe inji nan take, ka bar shi ya yi minti biyu ko uku a tsaye, tabon inji, wato turbo, ta huce.

Takardu su kasance a jaka guda: lasisinka, rajistar mota, inshora, shaidar lafiyar mota, takardar lodi, kowanne da hotonsa a waya. Na'urar ƙayyade gudu da FRSC ta tilasta wa motocin haya tun 2017, kada ka bari a cire maka ita. Ka tafi da jak mai ƙarfi da katakon da zai zauna a kai, safaya mai iska, tukwanen kashe gobara biyu masu kilo 9, tocila, da alamar kusurwa uku guda biyu.

In ta lalace, ka fitar da ita daga kan titi iyakar iyawarka, waigi gaba da baya, alama ɗaya a baya da nisan taku 100 ko fiye in bayan kwana ne ko kan tudu, ɗaya a gaba. In ka ƙara da ganye, ka kwashe shi in za ka tafi, haka duwatsun da ka yi waigi da su. Lambar gaggawa ta FRSC 122 ce. Maganar tsaro kuwa, kafin ka shiga hanya irin ta Birnin Gwari ka tambayi waɗanda suka fito daga can a ranar, ka bi ayari, ka kwana inda tireloli ke kwana. Kada ka ɗauki fasinja a kan kaya komai roƙo.

Gas ka auna shi da sanda a gaban mai mota kafin ka tashi, ka rubuta lita da lambar kilomita, ka karɓi rasit duk inda ka sha. In ka isa, kada a kwance tamfol sai mai karɓa yana tsaye. A ƙirga tare, ya sa hannu da kwanan wata da hatimi a kan kwafinka, ka ɗauki hotonsa ka tura wa mai mota kafin ka bar harabar.